Bayan Motar Furoje Ta Tafi: Yadda Za a Riƙe Aikin Kula da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Matasa a Tawa

Duk wanda ya daɗe a aikin lafiya a jihar Tawa ya san yadda abin ke tafiya. Furoje, wato shirin tallafi na wata ƙungiya, ya zo da farar mota, a tara ma'aikata kwana biyar ko goma, a raba littattafai da jakunkuna, a ɗauki hoto a bakin zaure. Shekara biyu aiki na tafiya gwanin sha'awa. Sai kuɗi su ƙare. Ka koma CSI ɗin, wato ƙaramin asibitin garin, bayan wata shida, ka iske littafin a ƙasan kabad, wadda aka horar an mai da ita wata gunduma, ɗakin da ake ganawa da matasa ya zama ma'ajiyar gidan sauro. Yarinyar da ta fara sakin jiki tana faɗin abin da ke cin ranta ta zo sau biyu ba ta iske kowa ba, ta daina zuwa.

Ni ma na yi rabon jakunkunan nan, don haka ba daga gefe nake jifa ba. Abin da shekarun zagaye suka koya mini shi ne horo ba ya riƙe aiki. Abin da ke riƙe shi ƙananan abubuwa ne marasa armashi: wa ke duba wa, wace rana, a wane ɗaki, da kuɗin wa. Jagorar nan ta majo ce, wato shugaban CSI, da ma'aikacin jinya, da ungozoma, da malamin CEG (makarantar gaba da firamare), da duk wanda aikin zai rage a hannunsa.

Buƙatar kuwa ba ta tafiya tare da motar. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli kan fara ne kafin mutum ya wuce shekara 14. A Nijar kusan rabin jama'a ba su kai 15 ba. Ƙara da abin da ke namu: samarin da suka dawo daga Libiya da abin da ba su iya faɗi, yaran da suka tsira daga harin yankin Tiliya na watan Maris 2021, ƴan gudun hijirar da suka ƙetaro daga Sakkwato da Zamfara zuwa yankin Madawa da Ƙonni, ƴan matan da aka aurar suna ƙanana, da tramol da ya shiga kowace unguwa. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne, akasarinsu a Yamai, fiye da kilomita 500 daga nan. Mun kuma ga yadda tallafin waje ya tsaya bayan juyin mulkin Yulin 2023, muka sake gani a farkon 2025 da Amurka ta dakatar da nata. Kayan aro ba ya rufe katara.

Mataki na farko: ɗauki kayan da wuyanka zai iya

In an ce hanya ce da bincike ya tabbatar, ana nufin an gwada ta a kan mutane da yawa, an kwatanta su da waɗanda ba a yi musu ita ba, an ga bambanci na haƙiƙa. Akwai irinsu da aka tsara musamman don wuraren da ba ƙwararru. OMS ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, ta fitar da littafin aikinsa a 2010, ta sabunta shi a 2016. Shi ne ke nuna wa ma'aikacin jinya yadda zai gane ciwon damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya, shaye-shaye da haɗarin kashe kai, da abin da zai yi. Akwai EASE, na OMS da UNICEF, don yara masu shekara 10 zuwa 15: zama bakwai na rukuni da yaran, uku da iyayensu. Akwai PM+ na 2016, zama biyar na minti 90, wanda aka gwada a Pakistan da Kenya. Shi na manya ne, ya dace da saurayi ko matashiyar da suka kai 18. A Zimbabuwe kuma Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna kan benci a harabar asibiti suna koya wa mutane warware matsala daki-daki, binciken da aka buga a 2016 ya nuna amfanin hakan.

Kuskuren da muka fi yi shi ne haɗama. A so a yi duka a lokaci guda, a ƙare ba a yi ko ɗaya ba. Ɗauki alƙalami ka yi lissafi. Mutum guda a PM+ yana cin awa bakwai da rabi. Rukuni guda na EASE yana cin awa goma da rabi, ban da zaman iyaye da shiri. Ma'aikaciyar da ke awon ciki da safe, rigakafi ranar Talata, gadi da dare, awa nawa ne nata a sati? In yamma guda ce, to mutum biyu za ta iya riƙewa a lokaci guda, ko rukuni ɗaya. Wannan shi ne ƙarfinku na gaskiya, shi za ku rubuta, ko da mai furoje ya so ya ji ɗari.

Shawarata ga CSI: mhGAP a ɗakin duba marasa lafiya, da hanyar zama guda ɗaya tak. Sai ta yi shekara tana tafiya ba tare da turawa ba kafin a yi maganar ƙari.

Mataki na biyu: raba gero da ruwa

Fura ana dama ta da kauri ko da ruwa-ruwa, gwargwadon mai sha. Amma in aka yi ta ƙara ruwa, akwai inda za ta koma farau-farau: fari dai na nan, yunwa kuma ba ta tafi ba. Haka waɗannan hanyoyi ke lalacewa. Ba wanda ke tashi ya ce ya daina. A hankali zama biyar ke komawa biyu, koyar da numfashi ya koma "ka yi haƙuri", warware matsala ta koma nasiha, har wata rana a iske ana kiran abin da sunansa alhali babu shi.

Ku zauna da duk masu aikin, ku ja layi a tsakiyar takarda. Gefe guda, abin da ba a taɓawa. A PM+ misali: yawan zaman da jerinsu; dabarun nan huɗu, wato numfashi a hankali don kwantar da jiki, warware matsala mataki-mataki, komawa kan ayyukan da mutum ya watsar, da ƙarfafa alaƙa da masu tallafa masa; aikin gida tsakanin zama da zama; tambayar haɗari; da sirri. Ɗaya gefen, abin da ya kamata ma a sauya: harshe, misalai, sunayen da ke cikin labaran, wurin zama, tabarma ko kujera, buɗewa da addu'a in mai zuwa na so.

Harshe na buƙatar zama na musamman. Matashin Adar, yankinmu na Tawa, ba zai ce yana da ciwon damuwa ba. Zai ce tunani ya yi masa yawa, ko barci ya ƙaurace masa, ko kansa na zafi, ko gabansa na faɗuwa. Yarinya za ta ce ƙirjinta ya yi nauyi. Ku tattara waɗannan kalmomi, ku daidaita fassara guda ta Hausa, da ta Tamajak da Fulatanci inda ake buƙata, ku rubuta. In kowa na fassarawa daga Faransanci da ka, kowa abinsa daban yake yi. Kalmar hauka kuma ku fitar da ita daga harabar gaba ɗaya, har bakin mai gadi.

Akwai kuma abin da za a daina don ba ya cikin geron tun asali. Tara waɗanda suka ga tashin hankali a tilasta musu ba da labarinsa dalla-dalla a zama guda, OMS ta ce kada a yi. Diyazefam, ƙwayar sa barci, ga yaron da ya firgita ko ya kasa barci bayan wani bala'i, shi ma a'a. Taron tsoratarwa kan ƙwaya na yini guda, da lasifika da riguna, yana da daɗin hoto, amma ƙa'idojin rigakafin shaye-shaye na Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna tsoratarwa kaɗai ba ta hana sha. Lokacin da aka ƙwato daga waɗannan shi za a zuba a aikin gaske.

Mataki na uku: zaman bibiya, wanda in ya mutu komai ya mutu

Da za a ce in zaɓi abu guda cikin jagorar nan, wannan zan ɗauka. A duk binciken da ya nuna amfanin hanyoyin nan, masu aikin ba a sake su haka nan ba bayan horo. Akwai mai zama da su a kai a kai. Wanda ya cire bibiya ya ce yana yin abin da bincike ya tabbatar, ba shi yake yi ba.

Ku tsai da rana da awa. Ga sababbin hannu, kowane sati. In sun goge, kowane sati biyu. Kada tazarar ta wuce wata. Ranar ta zama sananniya kamar ranar rigakafi. Awa guda ta isa in an bi tsari.

A fara da haɗari: akwai wanda ya ambaci mutuwa, ko ake duka, ko aka yi wa fyaɗe, ko ya ɓace bayan ya faɗi abu mai nauyi? Wannan ba ya jiran ƙarshen zama. Daga nan kowa ya kawo wanda ya fi ba shi wuya, ba wanda ya fi yi masa kyau ba, kuma ba a ambaton suna ko unguwa. Sai kwaikwayo na minti goma: ɗaya ya zama matashin, ɗaya ya yi aikinsa, sauran su saurara. Mutane na ƙin wannan da farko, musamman manya a gaban na ƙasa da su. Maganinsa mai bibiyar ya fara yi da kansa, ya yi kuskure a gaban kowa, ya bari a gyara masa.

A kwaikwayo ne ake kama abin da rahoto ba ya nunawa. Na taɓa zama da wata ungozoma mai kirki ƙwarai, abokiyar aikinta ta zama yarinyar da aka aurar, ta ce, "Inna, wallahi wani lokaci ji nake gara in mutu in huta." Nan take ta amsa, "Subhanallahi, ɗiyata, daina faɗin haka, ba kyau." Da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma yarinyar gaske da ta ji haka ba za ta sake buɗe baki ba. Muka maimaita har ta iya cewa, "Ɗiyata, na ji ki, kuma na gode da kika faɗa mini. Tun yaushe kike jin haka? Kin taɓa tunanin yi wa kanki wani abu?" Sau huɗu muka yi kafin muryarta ta daina rawa. Ba littafin da zai koya mata wannan.

Mai bibiya ya riƙe ƴar takardar dubawa: ya gaisa ya bayyana sirri da iyakarsa? Ya saurara fiye da yadda ya yi magana? Ya bar matashin ya zaɓi mafita da kansa? Ya tambayi haɗari? Ya duba aikin gida? OMS da UNICEF na da dandalin EQUIP a intanet, kyauta, mai ɗauke da irin waɗannan ma'aunai. A faɗi abu biyu da aka yi daidai, ɗaya da za a gyara. Ranar da zaman ya koma kotu, ranar kowa zai fara ɓoye masu wuyar.

Wa zai yi bibiyar in babu motar furoje? Ku nemi ma'aikacin da ke riƙe da sha'anin lafiyar ƙwaƙwalwa a gunduma ko a babban asibitin jiha, ku roƙi babban likitan gunduma ya sa shi cikin motar zagayen da dama take fita. In hanya ba ta biyuwa, kamar yadda take a wasu sassan arewa, waya ta wadatar: a ajiye ta a tsakiyar tabarma a buɗe murya. In ma babu kowa a wannan watan, ku zauna ku kaɗai, ku rubuta tambayoyin da suka fi ƙarfinku, ku aika. Zauren WhatsApp na da amfani wajen tuni da tambaya, amma suna ko hoton matashi ba sa shiga ciki ko da wasa.

Minti biyar na ƙarshe na masu aikin ne. Wanda ke jin labarin fyaɗe da kisa sati bayan sati yana ɗaukar wani abu zuwa gida. A tambaye shi barcinsa. In ya fara gudun ranar zama ko saurin fushi, a rage masa kaya kafin ya ajiye duka.

Mataki na huɗu: ka ɗauka wanda ka horar zai tafi

Zai tafi. Sauyin wurin aiki, karatu, aure, haihuwa, ko wata ƙungiya mai albashi mai tsoka. Don haka kada a horar da mutum ɗaya a wuri. Aƙalla biyu, mace da namiji, don yarinya ba za ta faɗa wa namiji abin da ke tsakaninta da mijinta ba. Cikin biyun a samu ɗan gari, wanda gonarsa da iyayensa ke nan. Kuma a zaɓi wanda matasa ke zuwa wurinsa tun kafin horo. Jerin masu zuwa formasiyo, wato horo, da aka cika don rabon fardiyam, kuɗin da ake ba mahalarta, shi ne kabarin farko na aikin.

Sabon zuwa ba sai ya jira wani furoje ba. Ya karanta littafin, ya yi kwaikwayo da tsohon hannu, ya zauna ya kalli zama da izinin mai zuwa, sannan ya riƙe mutum biyu na farko a ƙarƙashin ido, mai bibiya ya tabbatar da shi. Wannan ba ya maye gurbin cikakken horo, amma yana hana ɗakin rufuwa kafin horon ya samu. Mai tafiya kuma ba ya tafiya sai ya miƙa rajista, mabuɗi da littafi, ya kuma gabatar da magajinsa ga kowane matashi baki da baki.

Mataki na biyar: ɗaki, rana da kalandar Adar

Ɗakin ya zama mai ƙofa, wanda ba a jin magana daga waje, kuma ba allon da ke tona asirin mai shiga. A wani wuri inuwar bedi a bayan gini ta fi ɗaki. Lokacin ya shiga jadawalin aiki da sa hannun majo. Abin da ake yi "in an samu sarari" ba a yin sa.

Sai kalanda. Da an gama girbi samari sun kama hanyar Abijan, Legas ko arewa, sai gab da damina. Da ruwa ya sauka kowa na gona. Ranar Lahadi kasuwar Tawa ce. Ƴan lakwal daga Oktoba zuwa Yuni suke hannu, amma daga Mayu hankalinsu na kan jarrabawa. Rukunin zama bakwai da aka fara sati uku kafin tafiya cirani asara ce. Ga ɗalibai, Nuwamba zuwa Maris ya fi. Ga masu tafiya, a fara da wuri ko a shirya ƙarasawa ta waya. Da azumi a mai da zama safe.

Mataki na shida: rajista mai amsa tambaya huɗu

Nawa suka fara, nawa suka gama, nawa suka samu sauƙi, zaman bibiya nawa aka yi. Fom mai shafi shida yana mutuwa ranar da mai karɓarsa ya daina zuwa. Kaye guda, wato littafin rubutu, mai layuka ba ya mutuwa. A sa lamba maimakon suna, a kulle shi.

Don auna sauƙi akwai PHQ-9 mai tambaya tara kan damuwa, da SDQ mai tambaya 25 kan yara. In sun yi nauyi, ga mai sauƙi: matashin ya faɗi matsalar da ta fi damunsa, ya nuna nauyinta da tsakuwa daga babu zuwa biyar, a farkon kowane zama. In an kai zama na uku tsakuwa ba ta ragu ba, ko ta ƙaru, a kai maganar zaman bibiya. Lambar da ta fi koyarwa ita ce ta waɗanda suka daina zuwa. A tura rele, wato ɗan gari mai haɗa asibiti da jama'a, ya tambaya cikin hikima. Sau da yawa amsar kuɗin kabu-kabu ce, ko uwar miji, ko wata maƙwabciya da ke aiki a harabar. Abin da ya shiga rahoton wata-wata kuma a tabbatar ya hau DHIS2, manhajar tattara alƙaluman lafiya, don abin da gunduma ba ta gani a alƙaluma ba ta ware masa komai.

Mataki na bakwai: magani da ranar gaggawa

Akasarin matasa zama suke buƙata, ba ƙwaya ba. Littafin mhGAP ya hana maganin damuwa ga yaron da bai kai 12 ba. Ga wanda ya wuce, sai zaman ya gaza, sai an shawarci ƙwararre, kuma fuluwoksetin ne, da sa ido sosai a makonnin farko. Amma farfaɗiya da taɓin hankali mai tsanani na son magani marar yankewa. Yaron da aka ɗora kan fenobarbital, maganin farfaɗiya, ya yi wata biyar bai faɗi ba, sannan magani ya yanke, faɗuwar na iya dawowa da ƙarfi, iyayen kuma su yanke cewa dama ba ciwon asibiti ba ne. Don haka kada ka fara abin da ba ka da tabbacin samunsa. Ƙidaya masu sha, lissafa na wata uku, sa shi cikin odar da CSI ke yi kullum ta kuɗin COGES, kwamitin gudanar da asibitin, kada ya tsaya a kwalin kyautar furoje. Ka yi oda tun da sauran na wata guda. Balfurowat kuma, wani maganin farfaɗiya, a kauce masa ga ƴan mata da matan da ke iya ɗaukar ciki, saboda illarsa ga ɗan tayi.

Takardar gaggawa shafi guda ce, a manne a bango: lambar wanda za a kira, ta biyu in ta farko ba ta shiga, inda za a tura, wa zai biya mai. Tambayar mutum ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin. A tambaya kai tsaye. In haɗarin na kusa, ba a barinsa shi kaɗai, a sanar da babban da shi ya amince da shi, a kawar da maganin ƙwari na gona da sauran magunguna daga inda hannunsa zai kai, a koma kansa cikin kwanaki kaɗan. Duk wata shida a gwada lambobin nan. Na taɓa kiran wata da ke manne a bango na iske mai ita ya yi shekara da barin jihar.

Mataki na takwas: malam, iyaye da fada

Kafin a zo wurinka an je wurin malam, kuma bayan an bar wurinka za a koma. Mai gasa da wannan ya faɗi tun bai fara ba. Ka je da kanka, ka tuɓe takalmi, ka ce, "Allah gafarta Malam, addu'a taku ce, ba mu da ta cewa. Abu uku muke roƙo: kada a ɗaure, kada a doka, kada a ce a bar magani. Wanda ya daina ci, ko yake faɗuwa, ko yake maganar mutuwa, a turo mana, mu ma za mu ce ya ci gaba da zuwa wurinku." Da yawa sukan yarda, don su ma akwai waɗanda suka gagare su. Alaƙar nan ba ta cin ko dala, kuma ta fi kowane furoje tsawon rai.

Haka in ƴan mata suka fara faɗuwa a aji ɗaya bayan ɗaya, abin da makarantunmu suka sani sarai. Musu kan aljannu ba ya tsai da shi. A raba su, a kore ƴan kallo, a kwantar da hankali, a duba lafiyar kowace, daga baya a zauna da ita ita kaɗai a ji abin da ke gida.

Iyaye a nemi izininsu, a kuma gaya musu tun farko cewa abin da yaro ya faɗa nasa ne sai in rai na cikin haɗari. Ga matar aure ƴar shekara 16, in miji da uwar miji ba su gane ba, zama na biyu ba zai yiwu ba. Sau da yawa ranar awo ko ranar rigakafin jariri ce ƙofar. Samari kuwa suna fada, gindin shayi. Shugaban fada ba mai magani ba ne, kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa, amma ya san wanda ya daina fitowa, kuma in shi ya ce "tashi in raka ka", ana tashi. Duk wata uku ku kira huɗu ko biyar cikin waɗanda suka gama, ku tambaye su abin da za a gyara, ku gyara ko da guda ne don su ga maganarsu ta yi aiki.

Mataki na tara: kuɗi, da gwajin rufe famfo

Rubuta abin da aikin ke ci a shekara in an cire hotal, riguna da fardiyam: katin waya, kwafin takardu, man babur na mai bibiya, ɗan abin rele, kuɗin tura mai gaggawa. Za ka yi mamakin ƙanƙantarsa. Raba shi gida-gida: wani a tsarin aikin shekara na gunduma, wani wurin COGES, wani a kasafin ma'aikatar magajin gari. A kai buƙata kafin zaman kasafi, a rubuce, da lambobin nan huɗu a hannu. Ƴan cirani da ke gina masallaci da aji a garinsu ma ana iya tunkararsu da lissafi bayyananne. In furoje na nan har yanzu, ku roƙe shi kada ya biya alawus ɗin da ba mai iya ci gaba da shi. Wanda ya saba karɓar jika ashirin a kan aiki, ranar da ta tsaya gani zai yi aikin ne ya ƙare.

Wata shida kafin ranar rufewa, ku yi gwaji na wata biyu. Motar ta tsaya, alawus ya koma abin da gida zai iya, ma'aikacin furoje ya zo ya zauna bai ce komai ba. Majo ya kira zaman bibiya, mai kula da magani ya yi oda, gunduma ta karɓi rahoto. Ku rubuta duk abin da ya tsaya da ranar da ya tsaya. Galibi bibiya ce ke fara faɗuwa, a sati na uku ko na huɗu, saboda ba a faɗi wanda zai buga waya ba. Kowane abu da ya tsaya a rubuta sunan mutum guda a gabansa, ba sunan kwamiti ba, da ranar da za a sake dubawa. Watanni huɗun da suka rage na gyaran waɗannan ne. Kafin motar ta tafi kuma a karɓi littattafan a takarda da cikin waya, da fassarar da kuka daidaita, da jerin duk waɗanda aka horar a gundumar da lambobinsu, kwafi ɗaya wurin majo, ɗaya wurin babban likitan gunduma.